Giɓin Ɗan Belbeji

"Wanda duk kike so ki kawo mini shi, Radiya, amma ban da ɗan Belbejin nan."

Malam Lawali ya faɗi haka yana kankare laka daga ƙafarsa da guntun kara. Dawowarsa ke nan daga gona. An yi ruwa a Tanut, ya yi sammako ya je ya cike wuraren da gero bai fito ba tun ƙasa tana da laushi.

Radiya tana durƙushe kusa da turmi, kanta a ƙasa, tana murza bakin mayafinta.

"Ran Talata na tambaye ki maganar Abdulmajid, kika yi shiru. Shirun budurwa kuwa kowa ya san fassararsa. Na aika wa kawunsa Alhaji Mansur su zo gobe bayan Juma'a a yi magana. Yanzu kuma Innarki ta ce mini kwana biyu ba ki cin abinci."

"Baba..."

"Na'am, ina jin ki."

Maganar ta zo har maƙoshinta ta tsaya. Haka take tun tana ƙarama. Ko a lakwal, makarantar boko, shekara huɗun da ta yi, malami bai taɓa jin muryarta da kyau ba.

Malam Lawali ya jefar da karan.

"In don Hashimu ɗan Belbejin ne, ki cire shi a ranki. Sau uku yana zuwa gidan nan. Sau uku ina hura gawayi da bakina, in dafa shayi, in miƙa masa da hannuna, ya ce mini wai alhamdu lillahi. Ni! Buzayen da ke saukowa daga Tenhiya, da suka fi kowa sanin shayi, in sun shigo garin nan a zaurena suke fara tsayawa. Sai shi ne zai dubi kofina ya kau da kai? Ga baki a naɗe da amawali kamar ɗan sarkin Abzin, alhali na san ubansa, manomi ne irina. In yana magana sai ka kasa kunne kamar mai sauraron sauro. Wanda ya raina ni tun yana nema, in ya samu me zai yi?"

Inna Kulu ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu.

"Shi kuwa Abdulmajid kofi uku yake shanyewa, har ya ce a ƙara. Ga aikinsa a ofishin magajin gari, ga tsabta, in ya yi dariya haƙoran nan reras kamar an jera shinkafa."

Da jin haka hawaye suka zubo wa Radiya. Ta san abin da ke ƙarƙashin amawalin nan. Ta san dalilin ƙin shayin. Amma Hashimu ya sa ta yi masa alkawari ba za ta faɗa wa kowa ba, ko da Innarta ce.

Ta tashi a hankali ta ce za ta kai wa Gwaggo Habiba ƙwaryarta.

* * *

Gwaggo Habiba yayar Malam Lawali ce, tana sayar da cuku a bakin kasuwa. Kunnenta ba ya ji sosai, sai dai mutanen unguwa sun ce yana da ranakun da yake warkewa. Da wayarta Radiya ta kira Hashimu. Allah ya taimaka yana kusa, yana gyaran famfon wata rijiya a wajen Ollelewa, don aikinsa ke nan. Kafin azahar ya iso a kan moto, babur ɗinsa na aiki, wandonsa duk taɓo.

Gwaggo ta shimfiɗa masu tabarma a inuwar itacen bedi, ta koma can gefe tana juya cukunta a kan zana.

"Gobe za su zo," in ji Radiya. "Baba ya ce ka raina shi."

"Ni? Wallahi in na zauna gabansa ko numfashin kirki ba na iya yi."

"To ka faɗa masa gaskiya, Yaya Hashimu."

Ya girgiza kai. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata takarda da ya naɗe a leda, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Dubi wannan tukuna. Shekaranjiya na karɓo daga Damagaram. Awon jinina ya sauko, Radiya. Daga goma sha ɗaya ya dawo bakwai. Likita ya tashi tsaye ya ba ni hannu. Ya ce yanzu zai iya yi mini aikin, har ya ba ni rana."

Radiya ta kalli takardar. Faransancin ya fi ƙarfinta, amma ta gane bakwai ɗin da aka zagaye da jan biro. Ta rungume takardar a ƙirjinta.

"Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Allah na gode maka."

Ta tuna ranar da ya fara gaya mata. Bara ne wani bututun ƙarfe ya kuɓuce a bakin rijiya ya doke shi a baki, haƙoransa biyu na gaba suka fita. Da ya je asibiti aka ce dukan bai kai ya zubar da su ba, dama sun daɗe suna girgiɗi. Aka auna jininsa, aka tarar da ciwon sukari, shi ne ya ci masa dasashi bai sani ba. Likitan haƙori ya ce ana iya dasa masa wasu, amma ba zai taɓa bakinsa ba sai sukarin ya sauka, don mai sukari a sama rauninsa ba ya saurin warkewa, abin da aka dasa sai ya ruɓe ya fita.

"Wata huɗu kawai nake roƙo," in ji Hashimu. "A kafa ƙarfen, ƙashi ya riƙe shi, a ɗora haƙoran. Sannan in zo gaban Baba da fuskata a buɗe kamar kowane namiji."

"Wata huɗu? Gobe fa na ce maka!"

"Ki ce ba ki son Abdulmajid."

"Ko na ce, kai dai ya rufe maka ƙofa. Da ka karɓi ko kofi ɗaya..."

"Kofi ɗaya ba zai kashe ni ba, na sani. Amma shayin Baba ba ɗaya ba ne, uku ne, kuma kullum na zo. Na san kaina, Radiya. Da, ni ne mai shan shayi sau biyar a yini. In na ɗanɗana na koma."

"To me zai hana ka faɗa masa haka?"

Hashimu ya kau da kai.

"Wane uba ne zai ba mai ciwon sukari 'yarsa? Ga Abdulmajid lafiya lau, ko mura ba ya yi. Gara ya ce na raina shi. Raini ana neman gafara a yafe. Ciwon nan kuwa da shi zan mutu, kin sani."

"Daina faɗin haka!" Kuka ya ƙwace mata. "Ni ka tambaye ni ko ina gudunsa? Wata bakwai ina kallonka kana fama, ranar Salla kowa yana shan lemo kai kana shan ruwa. Ni ban taɓa ganin mutum mai ƙarfin zuciya irinka ba. Amma ka ɗaure mini baki da alkawari, ana zaginka a gabana ba ni da ikon cewa komai. In ka bari gobe ta yi, ba ciwon ne ya raba mu ba, kunyarka ce."

Ita kanta ta yi mamakin tsawon maganar da ta fito daga bakinta. Ta rufe fuska da mayafi.

Daga can gefen zana sai muryar Gwaggo Habiba ta taso.

"Kai ɗan nan, ni kurma ce, ban ji komai ba. Amma da la'asar ƙanena yake hura gawayinsa. In kana da ƙafa, ni ina da mayafi."

Hashimu ya miƙa hannu, Radiya ta mayar masa da takardarsa.

"Na sake ki daga alkawarin," ya ce. "Amma da bakina zai ji."

* * *

Bayan la'asar Radiya tana maƙale a bayan ƙofar zaure ta cikin gida, Inna Kulu a kusa da ita wai tana tsintar wake. Ta tsagar ƙofa ana ganin komai.

Malam Lawali ya amsa sallamar Hashimu a daƙile. Ganin yayarsa ce ta shigo da shi ya sa bai kore shi ba. Ya ci gaba da aikinsa, yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa, kumfa tana tashi. Baƙo baƙo ne, ko ba a son sa. Ya cika kofi ya miƙa.

Hashimu bai karɓa ba. Ya kai hannu ya sauke amawalin har ƙasan haɓa.

"Baba, ka gafarce ni. Dubi abin da nake ɓoyewa."

Ya buɗe baki. Malam Lawali ya tsaya da kofi a hannu yana kallon giɓin.

Hashimu ya faɗi komai, tun daga bututun har zuwa asibiti. Wasu kalmomin suna fita da iska ta giɓin, bai damu ba. Har ya ba da labarin wautar da ya yi da farko.

"Da aka ba ni ranar gwaji, sai na yi dabara. Na yi kwana biyu ban ci komai ba sai ruwa da ganyen zogale, don jinin ya fito da kyau. Likita ya duba takarda ya yi ta dariya. Ya ce, malam, wannan gwajin ba na jiya da shekaranjiya ba ne, na wata uku ne. Duk shayin da ka sha tun kaka ga shi nan a rubuce."

Gwaggo ta tuntsire da dariya. Malam Lawali bai yi ba.

"To yanzu me za a yi wa bakin?"

"Dashe za a yi mini, Baba."

"Dashe?"

"I, dashen haƙori."

Malam Lawali ya ajiye kofin a hankali. Ya gyara zama, fuskarsa ta canza.

"Yaro, yau da safe dashe na yi a gonata. In zan cike giɓi, wani rami nake zuwa inda gero ya yi yawa, in ciro in kawo. Ba a dashe sai an ciro daga wani wuri. Daga bakin wa za a ciro naka?"

Gwaggo ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Na mamaci! Wallahi na mamaci ne, wa zai ba da haƙorinsa yana da rai? Ni Habiba na rako abin da ya fi ƙarfina!"

A bayan ƙofa Inna Kulu ta saki faifan wake.

"Kin ji ko? Haƙorin gawa zai shigo mana da shi cikin zuri'a!"

"A'a Baba! A'a Gwaggo!" Hashimu har yana tuntuɓen harshe. "Ba na kowa ba ne. Sunan ne kawai dashe. Wata 'yar ƙusa ce mai murɗi, ta wani ƙarfe da ba ya tsatsa. Ita ake kafawa a cikin ƙashin muƙamuƙi, a bar ta wata uku ko huɗu har ƙashin ya kama ta. Sannan a ɗora haƙori na tangaran a kai."

"Tangaran? Irin na kwanon jeren amare?"

"Kusan haka, Gwaggo."

"To ka riƙa tauna a hankali, kar ka fasa mana kaya."

Wannan karon gefen bakin Malam Lawali ya ɗan motsa. Amma nan da nan ya koma yadda yake.

"In bai kama ba fa?"

"Shi ya sa likita ya ƙi taɓa ni wata bakwai. Ya ce in sukari yana sama, wurin ba ya warkewa, ƙusar sai ta yi girgiɗi ta fita. In ya sauka kuma na riƙe shi a nan, ina shan magani, ina wanke baki safe da yamma, ina komawa ana dubawa, to zai kama kamar na kowa."

"Wato sai ƙasar ta yi daidai."

"Haka ne, Baba."

"Wata bakwai ba ka sa sukari a bakinka ba?"

"Ko na suna, ko na biki."

"Har a gidan da kake neman aure."

Hashimu ya sunkuyar da kai.

"Nan ne ya fi mini wuya. Ƙamshinsa kaɗai... Wallahi Baba, in na fita daga nan har Belbeji ina jin sa a hancina."

Malam Lawali ya ɗauki ɗan ƙarfe yana tona gawayi, yana tonawa, alhali wutar ba ta bukata. Radiya ta ga Gwaggo ta daina murmushi tana kallon ƙanenta.

"Yaya Habiba," ya ce, bai ɗago ba. "Kin tuna Sidi."

"Ina zan manta autanmu?"

"Wannan ciwon ne. An gaya masa a asibiti ya bar sukari. Ya zo nan, wurin da yaron nan yake zaune, ya ce mini Yaya an hana ni. Na ce kai tafi can, likitoci ba su san daɗin duniya ba, kofi ɗaya me zai yi maka? Shi kuma ba ya iya ce mini a'a. Kullum sai na zuba masa." Ya ajiye ƙarfen. "Ƙaya ce fa ta soke shi a gona. Ƙaya kawai. Aka yanke ƙafar a Damagaram, bai yi wata biyu ba."

Radiya tana da shekara shida lokacin da Baba Sidi ya rasu. Ba ta taɓa jin wannan ba. Ta waiga ta ga Inna tana share ido da gefen zane.

Shi ke nan, ta ce a ranta. Wanda ya binne ƙanensa da ciwon nan ba zai ba mai shi 'yarsa ba.

"Radiya!" Malam Lawali ya ɗaga murya. "Na san kina nan. Shigo."

Ta shigo, ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Kin ji abin da ke jikinsa. Ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓa shi har iyakar rai. Tuwonki zai canza, kununki zai canza. Wata rana zai tashi ba lafiya. Kin san da haka?"

Ta gyaɗa kai.

"A'a. Shirunki ya riga ya sa ni cikin abin da ban san yadda zan fita ba. Yau da baki nake so."

Radiya ta ji kamar zauren ya matse ta. Ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta yi mata alama da haɓa.

"Na sani, Baba. Tun farko na sani." Ta ja numfashi. "Shi nake so."

Hashimu ya rufe fuskarsa da tafin hannu.

Malam Lawali ya juya ga Hashimu.

"Yaushe ne ranar da likitan ya ba ka?"

"Litinin ta sama, Baba."

"Tare za mu tafi. Ina so in ji daga bakinsa, in ga ƙusar nan da idona, kar a je Yaya Habiba ce ke da gaskiya. In abin da ka faɗa haka yake, ka turo manyanka. Ba sai haƙoran sun fito ba, ni ba haƙori zan ba 'yata ba." Ya nuna shi da yatsa. "Amma ka ji sharaɗina. Duk ranar da ka ga na manta na miƙo maka kofi, ka ƙi. Ko na yi fushi ka ƙi. Ko na rantse ka ƙi."

"Na yi alkawari, Baba. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma, Allah ya jiƙan Baba Sidi..."

Sauran addu'ar ta narke cikin kuka. Gwaggo ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa, Malam Lawali ya ɗaga mata hannu.

"Tsaya tukuna, Yaya. Akwai mutanen da na ce su zo gobe."

Ya miƙe ya shiga cikin gida. Radiya ta bi shi a baya. Ta ji yana ce wa Inna ta ɗauko masa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a.

"Malam, ka aika mana," in ji Inna. "Ka san bakin Alhaji Mansur. A gaban mutane zai wanke ka."

"Da bakina na ce su zo. Da ƙafata zan je in ce kar su zo. Yaronsu bai yi mana laifin komai ba."

Tun da Radiya ta yi wayo ba ta taɓa ganin mahaifinta ya janye maganar da ya faɗa ba. A kasuwa ma da haka aka san shi. Yau ga shi zai ratsa gari da yammacin nan, kowa yana ganinsa, ya je ya tsaya a ƙofar wani yana ba da haƙuri, saboda kalma uku da ta kasa faɗa ran Talata.

Ta ruga ta ɗauko takalmansa. Ta goge lakar da ke jikinsu da gefen mayafinta, ta ajiye a gabansa, ta durƙusa. Tana so ta ce abubuwa da yawa. Abin da ya fito kaɗan ne.

"Baba, na gode. Ka yafe mini."

Ya sa ƙafa a takalmin. Ya ɗora hannunsa a kanta, ya bar shi ya ɗan jima.

"Tashi, uwata. Ki ajiye mini ruwa mai sanyi a randa. Inda za ni ɗin nan ba na jin za a ba ni."

Ya gyara hularsa, ya yi bisimilla, ya fita.